Shin Ko Kun San? Soyayyar Zamanin Takobi, Daga Sikotlan Zuwa Wurno

Shin ko kun san cewa a ƙasashen Turawa akwai wani rukunin littattafan soyayya da kasuwarsa ba ta mutuwa, wanda duk labaransa a tsaunukan Sikotlan suke faruwa, a zamanin takobi da garkuwa, shekara ɗari bakwai ko takwas da suka shige? Galibin masu rubuta su mata ne, galibin masu karanta su ma mata ne, kuma da yawa cikin marubutan Amurkawa ne, ba 'yan ƙasar da ake ba da labarinta ba. Zubin labarin kusan ɗaya ne. Ga shugaban dangi, ƙato mai zafin rai, da gidansa na dutse bisa tudu. Ga yarinya daga ƙasar abokan gaba, yawanci Ingila. Sarki ya ce sai an ɗaura musu aure don a kashe wutar gaba, su fara da harara, su ƙare da ƙauna. Littafin Julie Garwood mai suna The Bride, wanda ya fito a 1989, a kan wannan turba yake, kuma har yau ana sayensa.

Ko kun san abin da masu karatun ke yabawa? Namijin da maza ke shakka amma matarsa ta san makamarsa, macen da ke da bakin mayar da magana, ɗan abin dariya a tsakiyar tashin hankali, sannan uwa uba ƙarshe mai daɗi. Marubuciyar da ta kuskura ta kashe ɗaya daga cikin masoyan a shafin ƙarshe, a wurinsu ta ci amana. Abin da suke kushewa kuwa ya fi yawa: an cika bakin jarumi da karin harshen mutanen tsauni har karatu ya yi nauyi, jaruma tana tunani da magana irin na 'yar jami'a ta yau, labari ɗaya ake ta juyawa ana sauya sunaye, kuma ana ɗaukar auren dole da fin ƙarfi a mayar da su abin sha'awa. Ku cire sunan ƙasar ku sake karanta jerin nan. Shi ne ƙorafin da za ku ji a bakin matan da ke bin littattafan Hausa a Wurno ko Achida.

Shin kun san muhawarar da ta fi zafi tsakaninsu ba ta soyayya ba ce, ta tarihi ce? Bangon littattafan kan zo da hoton jarumi ɗaure da ɗan bujen nan mai ratsi-ratsi da aka san mazan Sikotlan da shi. To, a zamanin William Wallace, wanda aka kashe a Landan a 1305, da Robert Bruce, wanda ya karya rundunar Ingila a Bannockburn a 1314, babu wannan tufa. Babban mayafin da ake naɗawa a ɗaure da ɗamara sai wajen ƙarshen ƙarni na 16 ya bayyana, guntun bujen kuma sai ƙarni na 18. Haka nan in marubuciya ta sa an kawo wa jarumi dankalin Turawa a shekarar 1200, sai a taso mata, domin dankalin daga nahiyar Amurka ya fito, bai isa Turai ba sai bayan 1492. Ɗaya ɓangaren masu karatun kuma su ce su dai ba littafin darasi suka saya ba, a bar su su more.

Fim ɗin Braveheart na 1995 ya nuna yaƙin gadar Stirling na 1297 ba tare da gada ba. Ya kuma ƙulla soyayya tsakanin Wallace da Isabella 'yar sarkin Faransa, wadda lokacin da aka kashe shi yarinya ce 'yar kimanin shekara goma, tana can gidan ubanta. Duk da haka fim ɗin ya kwashe lambar Oscar biyar.

Don ku gane nisan zamanin da ake magana: shekara goma bayan Bannockburn, wato 1324, Mansa Musa na Mali ya yi hajjinsa da duniya ba ta manta ba. Shehu Usmanu kuwa sai 1754 aka haife shi.

Shin ko kun san mutumin da ya fi kowa sayar wa duniya wannan hoto na Sikotlan lauya ne ɗan Edinbara, Walter Scott? Littafinsa Waverley ya fito a 1814 ba tare da sunansa a jiki ba, shekara biyu kacal bayan Muhammadu Bello ya kammala Infaƙul Maisuri a 1812. Wata mata, Jane Porter, ta riga shi da labarin Wallace a The Scottish Chiefs tun 1810, amma sunan Scott ne ya cika gari. Shi ne ma ya tsara bikin tarbar Sarki George na huɗu a Edinbara a 1822, inda aka sa manya suka fito da tufafin mutanen tsauni, har sarkin kansa ya ɗaura bujen. Daga wannan biki ne al'adar kowane dangi da irin ratsinsa ta samu gindin zama. Wato abin da masu karatu ke ɗauka gadon shekara dubu ne, da hannun marubucin ƙagaggen labari a cikin kafa shi.

Ra'ayin mai karatu mafi tsanani a kan Scott daga Amurka ya fito. Mark Twain, a littafinsa na 1883 kan kogin Mississippi, ya ɗora wa Scott babban kaso na alhakin yaƙin basasar Amurka, wai littattafansa ne suka cika kan mutanen kudu da girman kai da mafarkin sarauta. A ɗaya gefen, Frederick Douglass, bawan da ya tsere a 1838 ya zama jigon yaƙi da bauta, daga wata doguwar waƙar Scott aka zaɓo masa sunan da ya shahara da shi.

Yanzu mu dawo gida. Ko kun san shekara biyu bayan wancan biki na Edinbara wani ɗan Sikotlan ya bayyana gaban Sarkin Musulmi Bello? Hugh Clapperton ke nan, haifaffen garin Annan, wanda ya shigo Sakkwato a watan Maris na 1824. Bello ya yi masa tambayoyi kan tsofaffin ɗariƙun Kirista har baƙon ya yarda cewa abin ya fi ƙarfin saninsa. Da ya dawo a 1826 ya zo da tsarabar littattafan Larabci, ciki har da littafin lissafi na Euclid, ya kuma zauna a Magariya, sansanin Bello na wannan yanki kafin Wurno ta ɗaukaka. A watan Afrilu na 1827 ciwo ya kashe shi, aka binne shi kusa da Sakkwato. Ɗaya daga cikin abubuwan da ya zo nema shi ne takardun Mungo Park, wani ɗan Sikotlan ɗin, abokin Walter Scott, wanda ya halaka a kogin Kwara wajen Busa a 1806.

A tafiyar Clapperton ta biyu, a garin Wawa na ƙasar Bargu, wata bazawara mai dukiya da bayi, Zuma, ta ƙyalla ido ta ce ita fa sai ta auri Bature. Ta fara da baransa Richard Lander, da bai ba da kai ba ta koma kan maigidan. Ba ƙage ba ne, yana cikin kundin tafiyarsu.

Shin kun san akwai marubucin littafin soyayya ɗan Sikotlan da ya taka Wurno da ƙafarsa? Joseph Thomson ya zo a 1885 a madadin kamfanin Ingilishi na George Goldie, ya tarar da Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba a Wurno, ya koma da takardar yarjejeniya da Turawa suka riƙa kafa hujja da ita daga baya, ko da yake abin da suka ce an ba su da abin da fada ta fahimta ba su zo ɗaya ba. Bayan shekara uku, a 1888, shi da wata mata suka fitar da ƙagaggen labari mai suna Ulu, labarin soyayya da aka gina a gabashin Afirka. Ya ga Wurno da idonsa, amma da ya tashi ƙaga labari can ya kai shi.

Ita Wurno ɗin fa? Ribaɗi ce da Bello ya kafa wajen ƙarshen shekarun 1820, don tsare gabas da arewacin Sakkwato daga hare-haren Gobirawa da Abzinawa. Duk wanda ya san garin ya san dalilin zaɓen wurin: yana bisa tudu, ƙasa da shi fadamar gulbin Rima ta miƙe, inda yau ake noman shinkafa da albasa da tafarnuwa, mai tsaye a sama yana hango ƙurar mahayi tun daga nesa. A 1836 Bello ya yi nasara a yaƙin Gawakuke, a 1837 ya rasu a Wurno, kuma hubbarensa na nan ana ziyarta. Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, a nan ya fi zama, nan kuma Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a 1853. Saboda haka duk abin da marubuciyar Amurka ke wahalar ƙirƙirowa a ɗakinta, ganuwa da tudu da dawaki da sulke da lifidi da gabar gidaje biyu, mu a nan ƙasa suke, da sunayensu da shekarunsu.

Har auren da ke haɗa gidajen da suka gwabza akwai shi. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Katambale, daga gidan Sarkin Gobir Yunfa, ta shiga gidan Bello, ta haifa masa 'ya'ya, ciki har da Fodiyo wanda aka ba riƙon ribaɗi a ƙasar Gobir. A wata ƙasar da tuni an yi littafi goma a kan wannan. A nan wa zai fara?

Ko kun san macen da masu karatun Turai ke cewa babu irinta a zamanin da, mai ilimi, mai faɗa a ji, mu mun yi ta a zahiri? Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Mijinta Giɗaɗo ɗan Laima shi ne wazirin Bello kuma amininsa, shi ma marubuci ne, kuma da ya rasu ta yi masa marsiyya. Ita ta kafa 'Yan Taru. Ku kwatanta abin a ranku: jaji, dattijuwa, an ɗora mata malfa an naɗa mata jan rawani a kai, tana gaba, tsofaffi da 'yan mata ƙanana na biye da ita daga ƙauye, ɗauke da hatsi da zuma da man shanu na sadaka, su zo su ɗauki karatu cikin waƙa su koma su koyar da matan aure da ba su fita. Jean Boyd, Baturiyar da ta daɗe a Sakkwato, ta rubuta tarihinta a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka tattara ayyukanta a 1997.

Shin kun san Infaƙul Maisuri na cikin tsofaffin rubuce-rubucen da suka ambaci Amina ta Zazzau? Bello ya kawo yaƙe-yaƙenta da yadda ƙasashe suka riƙa kai mata gaisuwa. Zancen da ake yi cewa a kowane gari takan zaɓi namiji ta kashe shi da safe, wannan hirar baka ce. Da fim ɗin Amina na Izu Ojukwu ya fito a Netflix a 2021, Hausawa sun yi masa abin da masu karatun Turai ke yi wa littattafan Sikotlan, har ma fiye: sutura ba tamu ba ce, harshe Turanci ne, zaman fada ba haka yake ba, soyayyar an cusa ta ne. A nan ne bambancin yake. Su can rabin masu karatu kan ce a ƙyale marubuci. Mu nan da wuya ka sami mai ce maka a ƙyale.

Ko kun san ƙagaggen labarin Hausa na boko da tarihi ya fara? A gasar da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933, biyu cikin littattafai biyar da suka fito a kan abin da ya faru da gaske suka tsaya. Ganɗoki na Malam Bello Kagara ya buɗe da faɗan Kwantagora da Turawa, kafin ya kwashi jaruminsa zuwa duniyar aljannu. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bi yaron da aka sace aka ƙetara Sahara da shi, da uwar da ta bi sawunsa har ƙarfinta ya ƙare. An fassara shi zuwa Turanci a 1967, aka yi fim ɗinsa a 1976. Amma ku lura: a Ganɗoki jarunta ce, a Shaihu Umar ƙaunar uwa ce. Soyayyar saurayi da budurwa tana cikin Jiki Magayi na John Tafida da East, inda mai kuɗi ya ƙwace wa Abubakar Zainab ɗinsa, shi kuma ba littafin tarihi ba ne. Tun ranar farko tarihi ya kama hanyarsa, soyayya ta kama tata, kuma a ganina har yau ba su haɗu sosai ba.

Wani ɗan ƙarin bayani: Bello Kagara yayan Abubakar Imam ne, ya kuma koyar a Kwalejin Katsina, inda Imam da Tafawa Ɓalewa da wani saurayi daga Rabah, Ahmadu Bello, suka yi karatu a shekaru masu kusanci da juna.

Shin kun san sai 1980 aka buga littafin ƙagaggen labari na mace Bahaushiya da ya yi suna? So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid ke nan, wanda ya fito daga gasar kamfanin NNPC na Zariya. Daga tsakiyar shekarun 1980 sai ƙofa ta ɓalle: Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed, Budurwar Zuciya da Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991, Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Funtuwa. Wanda ya tashi a lokacin ya san kamannin littafin: siriri, takarda mai arha, an ɗinke shi da waya biyu, an raba labari kashi na ɗaya da na biyu da na uku, a tsayar da kai daidai inda numfashinka ya ɗauke. Daga Kano yake tasowa, ya sauka Sakkwato, ya bi motar Achida da Goronyo cikin jakar wata amarya ko 'yar makarantar kwana. Kafin ya zaga gida biyar bangon ya yage, an manna masa takardar kalanda, shafin ƙarshe kuma ya ɓata, sai a aiki yaro maƙwabta ya tambayo yadda aka ƙare. Wadda ba ta iya boko ba a karanta mata, ko ta jira shirin rediyo.

Yau labarin ya koma cikin waya, a rubuce ko a murya, a tura maka shi wurin mai cajin waya. Da gwamnatin Sakkwato ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 a watan Satumba na 2021 saboda 'yan bindiga, har da Rabah da Goronyo, masu bin labari kashi-kashi na cikin waɗanda suka ji a jikinsu, ko da yake a wancan lokaci wannan shi ne mafi ƙanƙantar damuwa.

Ko kun san sunan da ya bi waɗannan littattafai, Adabin Kasuwar Kano, malamin da ya koyar a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ne ya yayata shi? Ibrahim Malumfashi ya soke su da cewa ba su da nauyi, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya musu a jaridu cikin shekarun 1990, hujjarsu ita ce sun sa mata da matasa karatu da Hausa fiye da duk wani shiri na hukuma. A 2007 abin ya kai gwamnatin Kano ta ƙona wasu daga cikin littattafan a bainar jama'a. Duk wannan rigima a kan tarbiyya aka yi ta. Ba a cika tambayar abin da ni ya fi damuna ba: me ya sa kusan duk labaran a falon mai kuɗi suke faruwa, Kano ko Kaduna ko Abuja, wani lokaci Dubai, kuma kowa a ciki Kananci yake yi, ko da an ce Basakkwace ne?

Amsar da nake gani ita ce tsoro, kuma tsoron yana da dalili. Ba'amurkiyar da ke rubutu kan shugaban dangin shekara ta 1200 babu jikansa da zai buga mata ƙofa. A Wurno da Rabah kuwa mutanen tarihin ba su yi nisa ba. Zuriyarsu na riƙe da sarautu, kabarinsu wurin ziyara ne, sunansu ba a kiransa sai da addu'a. Marubucin da ya sa wa ɗayansu kalmar so a baki, ko ya kwatanta fuskar matar gidansa, ya san abin da zai biyo baya daga mumbari da daga fada. Mai karatu na nan zai yafe maka jarumin da ya mallaki jirgin sama yana ɗan shekara ashirin da biyar, amma ba zai yafe maka kuskure ɗaya a salsalar gidan Shehu ba.

Shi ya sa masu son takobi suka yi ƙaura. Littattafan yaƙi, irin waɗanda Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya yi suna da su, cike suke da sadaukai da gimbiyoyi da matsafa, amma a birane na ƙage ko na can gabas mai nisa, a wani zamani da ba shi da shekara, kan tafarkin Dare Dubu Da Ɗaya. Samari ne suka fi bin su. A can babu mai cewa ka taɓa kakansa.

Shin kun san maƙwabtanmu na Nijar sun gwada, kuma ta karɓe su? Abdoulaye Mamani ya fitar da Sarraounia da Faransanci a 1980, kan sarauniyar Lugu ta ƙasar Arewa, wajen Dogon Dutsi, wadda ta yi tsayayya da rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, ya ci babbar lambar bikin fina-finan Wagadugu a 1987. Masu bincike sun nuna cewa Mamani ya ƙara gishiri mai yawa a kan abin da tsofaffi ke faɗa, amma yau hoton da ya zana shi ne wanda yaran makaranta suka sani. Abin da Scott ya yi wa ƙasarsa ke nan. Kada dai a rikita wannan Lugu da namu na kusa da Wurno mai madatsar ruwa.

Akwai kuma wani abu da mai karatu a Goronyo zai gani a littattafan Sikotlan wanda 'yar Amurka ba za ta gani ba. Ko kun san Rob Roy, wanda Scott ya ɗaukaka a littafinsa na 1817, satar shanu na cikin sana'arsa, kuma yakan karɓi kuɗi a hannun manoma don kada a taɓa dabbobinsu? Ɗansa Robin ya sace wata matashiyar bazawara mai gado, Jean Key, a 1750, ya aure ta da ƙarfi, aka rataye shi a Edinbara a 1754. Yau sace amarya a kan doki cikin dare na daga cikin abubuwan da ake sayar da littattafan nan da su. Mutumin da ya san harin da 'yan bindiga suka kai a Tabanni ta ƙasar Rabah a 2018, ko a kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, wanda ya ga an haɗa kuɗin fansa da kuɗin izinin girbi, ba zai karanta wannan shafi yana murmushi ba. Shekaru ne kawai suka wanke ɓarawon shanu ya zama masoyi. Duk mai niyyar rubuta mana labarin zamanin hari ya riƙe wannan, domin masu karatunsa sun san ƙarar harin da kunnensu.

Shin kun san Rabah ma tana da nata labarin da ba ya buƙatar ƙari? Sardauna Ahmadu Bello, jikan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah wanda ya yi sarauta daga 1873 zuwa 1877, a nan aka haife shi, nan kuma ya zama hakimi a 1934. Littafin rayuwarsa na 1962 ya buɗe da ƙuruciyarsa a garin da bakin gulbi. Daren 15 ga Janairu 1966, da sojoji suka shiga gidansa a Kaduna, uwargidansa Hafsatu ba ta rabu da shi ba, tare aka kashe su.

To mece ce mafita ga marubuci? Dabarar Scott ce, wadda masu kwaikwayonsa da yawa suka manta. Ba ya ɗaukar sarki ya mayar da shi masoyi. Yakan ƙirƙiro mutum tsaka-tsaki wanda tarihi bai san da shi ba, ya jefa shi cikin guguwar zamani, manyan kuma a hango su jefi-jefi daga nesa. Tafawa Ɓalewa ma haka ya yi da Umar. Babu abin da zai hana a ba mu labarin ɗan maƙerin da aka kawo Wurno yana ƙera kan mashi, da 'yar Gobirawan da aka zaunar a ribaɗi bayan Gawakuke, ko na yarinyar da ke bin jaji daga ƙauye tana da wanda take so a ayarin fatake masu zuwa Gwanja. A bar Sarkin Musulmi ya wuce bisa doki sau ɗaya a littafin, a yi masa gaisuwa, shi ke nan. A bar mutane su yi Sakkwatancinsu, amma da awo, kada ya zame wa Bakano da Bazazzagi ƙaya kamar yadda karin tsauni ke gundurar masu karatun Turai.

Kayan aikin ba su yi nisa ba. Akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, akwai Tarihin Fulani na shi Waziri Junaidun, akwai kundin Clapperton da na Barth da suka bayyana kasuwa da sutura da abinci da farashi, akwai malaman tarihi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata, ta nuna cewa masu alƙalami ba su yi ƙaranci ba. Marubutanmu na Wurno da Rabah da Goronyo, musamman mata, ku gwada mana ko da gajeren labari ɗaya ne, kuma kafin ku ɗora alƙalami ku zauna da tsofaffin garinku ku tambaye su.